Idan Jirgin Ruwa Ya Kife: Yadda Hukuma Ke Bincike da Abin da Ya Rataya a Wuyan Mutanen Gari

A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin fito da ya taso daga ƙauyen Badau ya nufi garin Bagwai ya kife a ruwan dam ɗin Watari da ke jihar Kano. Aƙalla mutum 29 ne suka rasu, kuma da yawansu ɗaliban Islamiyya ne da ke kan hanyarsu ta zuwa Maulidi. Gwamnatin jiha ta dakatar da fito a wannan ruwa, sannan ta kafa kwamitin bincike. Wanda ya san ƙasar Haɗeja, daga Auyo da Kafin Hausa har zuwa Guri da Kiri Kasamma, ya san cewa da damina kwale-kwale shi ne motar zuwa gona da kasuwa da asibiti, saboda haka irin wannan musiba ba ta yi nisa da ƙofar kowa ba.

Idan abin ya faru, maganar da aka fi ji a wurin zaman makoki ita ce kwana ne ya ƙare. Wannan gaskiya ce da babu Musulmin da zai ja da ita, amma Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Binciken hukuma neman inda igiyar ta kwance ne, domin kada ta sake kwancewa a wuri guda. Abin da wannan jagora ke son nunawa shi ne, jami'an da za su taso daga Abuja ko Kano ko Dutse ba sa isowa sai bayan kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, kuma abin da za su iya ganowa ya dogara ne kusan gaba ɗaya a kan abin da mutanen gari suka adana kafin zuwansu.

Mataki na farko: a san wace hukuma ce ke da ruwan

Ruwan cikin ƙasa, wato koguna da tafkuna da ake bi da jirgi, yana ƙarƙashin hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997, hedikwatarta kuma tana Lokoja. Ita ce ke yi wa jiragen fito rajista, take ba matuƙa lasisi, kuma ƙa'idojinta sun wajabta sa rigar ceto, sun hana lodin da ya wuce kima, sun hana tafiyar dare. Manyan jiragen teku da ma'aikatansu kuwa suna hannun NIMASA, hukumar kula da sufurin teku ta Najeriya, wadda ke da cibiyar tsara aikin ceto a Legas. Tun 2022 akwai ta uku, wato NSIB, hukumar binciken hatsarin sufuri ta ƙasa, wadda doka ta faɗaɗa aikinta daga binciken hatsarin jiragen sama zuwa na jiragen ruwa da na ƙasa. Ban da waɗannan, gwamnan jiha yana da ikon kafa kwamiti ko hukumar bincike ta musamman, 'yan sanda kuma suna da nasu aikin duk lokacin da aka rasa rai.

Mataki na biyu: a rarrabe bincike iri uku

Wannan shi ne inda mutane suka fi rikicewa, kuma rikicewar ce ke sa shaidu su ɓuya. Bincike na farko na gano musabbabi ne. Ba ya neman wanda za a ɗaure, ba ya yanke wanda zai biya. Tambayarsa ita ce me ya faru, yaya ya faru, me za a gyara. Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, mai hedikwata a Landan, ta fitar da kundin ƙa'idojin irin wannan bincike a 2008, ya fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2010, kuma ya faɗa ƙarara cewa manufarsa ba ɗora laifi ba ce. Kundin na jiragen teku ne, bai wajaba a kan kwale-kwalen katako na kogin Haɗeja ba, amma hanyar aikin iri ɗaya ce, kuma a kan wannan manufa NSIB ke tafiya.

Na biyu shi ne binciken 'yan sanda, wanda ke duba ko akwai ganganci ko sakaci da ya kai matsayin laifi. Na uku shi ne shari'ar neman diyya, wadda iyalan mamata ne ke ɗaukar ta da kansu. Kowanne da ƙofarsa, kuma rahoton na farko ba hukuncin kotu ba ne, ko da ya ambaci kurakurai a fili.

Dalilin raba su yana da tarihi. A 1987 jirgin fito mai suna Herald of Free Enterprise ya kife jim kaɗan da barin tashar Zeebrugge a ƙasar Beljiyam, mutum 193 suka mutu, saboda ya tashi ƙofofinsa na gaba a buɗe. Ma'aikacin da ya kamata ya rufe su barci ya kwashe shi. Da an tsaya a nan, da an kama mutum ɗaya an rufe magana. Amma binciken da aka yi a Ingila ya bi sawu har ofishin kamfanin, ya gano cewa babu wata hanya da kyaftin zai san ko an rufe ƙofofin daga inda yake tuƙi, kuma an taɓa neman a sa fitilar da za ta nuna hakan, shugabanni suka yi biris. A ganina wannan darasi ya fi dacewa da mu fiye da Turawan. Yaron da ke riƙe da injin ranar da jirgi ya kife shi ne ake fara damƙewa, alhali sau da yawa ba shi ne mai jirgin ba, ba shi ya ƙayyade kuɗin da zai kawo da yamma ba, ba shi ya hana a sayi katakon gyara ba.

Mataki na uku: sa'o'in farko a bakin ruwa

Ceto ne a gaba da komai. A kira Sarkin Ruwa da masunta, domin su ne suka san zurfin wurin da inda ruwa ke kai abin da ya ɗauka. A kira lambar gaggawa ta 112, da hukumar kashe gobara, da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Dokar teku ta duniya ta ɗora wa duk matuƙin da ya ga mutane cikin hatsari nauyin kai musu ɗauki muddin ba zai halaka nasa jirgin ba, abin da 'yan fitonmu suka gada tun kafin a rubuta shi.

Yayin da ake wannan, mai unguwa ko dagaci, ko bulama a inda haka ake kiransa, ya ware mutum ɗaya mai iya rubutu, malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, ya ba shi littafi da biro, ya ce masa aikinsa ke nan, kada ya shiga ruwa, kada ya shiga jana'iza sai ya gama. Abin da zai fara rubutawa shi ne lokaci. Mutanen karkara ba kasafai suke duba agogo ba, amma kowa zai iya cewa an yi la'asar ko ba a yi ba, kuma wayar wanda ya fara kiran neman taimako tana ɗauke da ainihin mintin. A duba ta a rubuta kafin a goge.

Daga nan sai sunaye, kuma nan ne aikin ya fi wuya, ya kuma fi amfani. Jiragen fitonmu ba sa rubuta sunayen fasinja, shi ya sa bayan kowane hatsari za ka ji hukuma ta faɗi adadi, mutanen gari sun faɗi wani, gidan rediyo ya faɗi na uku. Maganin wannan shi ne a yi jeri uku a shafuka daban: waɗanda aka ceto da rai, waɗanda aka samu gawarsu, da waɗanda ba a gani ba. Kowane suna a haɗa shi da sunan uba, da ƙauye, da kimanin shekaru. A tambayi kowane wanda ya tsira wa ke zaune kusa da shi, a hagu da dama. A bi gida-gida a ƙauyen da jirgin ya taso ana tambayar wanda ya fita bai dawo ba. Kada a manta da goyo, domin jariran da ke bayan iyayensu mata su ne aka fi tsallakewa a lissafi. Idan ranar kasuwa ce, a aika ƙauyukan makwabta da rugagen Fulani, saboda baƙo zai iya nutsewa babu wanda ya san ya shiga. Jimillar jerin nan uku ita ce adadin mutanen da jirgin ya ɗauka, kuma wannan adadi shi ne ginshiƙin duk wani bincike a kan lodi.

A rubuta kayan da ke ciki: buhu nawa na shinkafa ko gero, babur nawa, dabbobi nawa, kuma a ina aka jibge su. Buhu goma a ƙasan jirgi daban ne da buhu goma da aka ɗora mutane a kansu, saboda idan nauyi ya koma sama ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta juya jirgin.

Game da gawawwaki, addini ya ce a gaggauta binnewa, kuma babu mai cewa a jinkirta ba dalili. Abin da ake buƙata bai fi 'yan mintuna ba: wani ɗan uwa ya tabbatar da mamacin a gaban shaidu biyu, ma'aikacin lafiya ya duba ya rubuta, a sanar da 'yan sanda kafin a kai makwanci. Gawar da ba a gane mai ita ba a ɗauki hoton fuska da tufafi, a ajiye wurin dagaci. Hotunan nan na hukuma ne da iyalai, ba na Facebook ko WhatsApp ba.

Shi kansa jirgin, idan an jawo shi gaɓa, a bar shi yadda yake. Kada a liƙe ɓular da ke jikinsa da kwalta, kada a cire injin, kada a wanke tankin mai, kada kuma a bari fushi ya sa matasa su farfasa shi ko su cinna masa wuta, domin wanda ya ƙone jirgin ya ƙone shaidar da za ta tsaya wa mamatan. A ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare, a auna tsawonsa da faɗinsa ko da da igiya ce, a sa 'yan sintiri su yi gadinsa. Matuƙin kuma, in ya tsira, a kai shi gidan hakimi ko caji ofis don kare lafiyarsa. Shi ne ya fi kowa sanin abin da ya faru a mintunan ƙarshe.

Mataki na huɗu: kai rahoto a rubuce

Waya ba ta isa ba. Dagaci ya rubuta takarda zuwa ga hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da DPO, a kai kwafi ofishin NIWA mafi kusa da kuma NSIB. Takardar ta ƙunshi rana, lokaci, wuri, sunan mai jirgi da na matuƙi, da jerin sunayen nan uku. Duk inda aka miƙa, a nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafin da zai dawo gida. Littafin asali kada ya bar garin, hoton-kwafi ake bayarwa.

Mataki na biyar: ranar da masu bincike suka zo

Kafin kowa ya buɗe baki yana da haƙƙin ya tambayi jami'in daga wace hukuma yake, ya ga katin shaidarsa, ya kuma san ko bayanin na gano musabbabi ne ko na tuhuma. Kundin IMO ya tanadi cewa a sanar da ma'aikacin jirgi irin binciken da ake yi, a kuma ba shi damar jin shawarar lauya idan maganarsa za ta iya zame masa tuhuma. Matuƙi da mai jirgi su riƙe wannan da kyau. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi hukumar ba da tallafin shari'a kyauta ta tarayya, wadda ke da ofis a manyan biranen jihohi.

Za a ji shaidu ɗaya bayan ɗaya, kuma hakan ya fi, saboda idan aka tara mutane a zaure maganar babba ita ce za ta zama ta kowa. Mai ba da shaida ya bambanta abin da idonsa ya gani da abin da ya ji a bakin mutane, in bai sani ba ya ce bai sani ba. Idan an rubuta bayaninsa da Turanci, kada ya sa hannu ko ya dangwala sai an karanta masa da Hausa, kalma bayan kalma, ta bakin wanda ya amince da shi. Matan da suka tsira a ji su a cikin gida, tare da muharrami ko jami'a mace. Galibi su ne ke zaune a tsakiyar jirgi, su suka fara jin ruwa a ƙafafunsu, amma kunya kan sa a wuce su.

Tambayoyin da za a yi sanannu ne. Shekarar jirgin nawa, yaushe aka yi masa gyara na ƙarshe, yana da rajista, matuƙin yana da lasisi? Akwai rigunan ceto, guda nawa, an sa ko suna ɗaure a buhu? Injin ya mutu a tsakiyar ruwa, ko farfela ta sarƙe da ciyawar kachala wadda ta cinye hanyoyin ruwa da yawa a ƙasar Haɗeja? An yi karo da kututture? Hadari ya taso? Ruwan ya ƙaru a 'yan kwanakin, ko saboda ruwan sama ko saboda an saki ruwa daga Tiga ko Challawa? Wa ke karɓar kuɗin shiga a mashigar, kuma wa ke da ikon cewa jirgi ya cika? Tambayar ƙarshen nan ita ce aka fi kaucewa, saboda amsarta kan taɓa ƙungiyar 'yan fito ko masu karɓar haraji, amma mutanen gari su dage a rubuta ta. Haka nan idan an taɓa kai kukan rashin gada ko lalacewar jirgin ga wata hukuma, a fito da kwafin takardar.

Mataki na shida: idan ɗanku a teku hatsarin ya same shi

Akwai 'ya'yan karkarar Kano da Jigawa da neman abinci ya kai su aikin jiragen ruwa a Legas da Fatakwal, da masu tsallaka teku a matsayin fasinja. A nan dokar ta bambanta. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, a sashe na 94, ta ɗora nauyin bincike a kan ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta, wadda sau da yawa ba ƙasar mai jirgin ba ce. Jirgin Al-Salam Boccaccio 98 da ya nutse a Bahar Maliya a watan Fabrairu 2006, tsakanin Duba ta Saudiyya da Safaga ta Masar, inda fiye da mutum 1,000 suka rasu, na kamfanin Masar ne amma tutar Panama yake ɗauke da ita, saboda haka Panama ma ta gudanar da bincike. An gano cewa gobara ce ta tashi, ruwan da aka yi ta fesawa don kashe ta ya taru a benen da ake ajiye motoci a cikin jirgin bai samu mafita ba, har ya karkatar da jirgin.

Kundin IMO na 2008 ya wajabta bincike idan an rasa rai, ko jirgi ya salwanta gaba ɗaya, ko an yi wa muhalli mummunar ɓarna. Ya kuma ce ƙasar da 'yan ƙasarta suka mutu ko suka ji mummunan rauni tana cikin masu ruwa da tsaki, tana iya shiga binciken, kuma tana iya neman a aiko mata da daftarin rahoto ta yi tsokaci kafin a kammala. Ma'anar wannan ga iyali ita ce su tabbatar gwamnatin Najeriya ta san ɗansu yana cikin jirgin. A rubuta wa NIMASA da Ma'aikatar Harkokin Waje, a haɗa da sunan jirgin, da lambarsa ta IMO mai alƙaluma bakwai wadda ba ta canjawa ko an sauya masa suna, da kwafin kwantiragin aiki, da sunan kamfanin da ya ɗauke shi. Duk mai ɗa a wannan aiki ya karɓi waɗannan bayanai tun yana lafiya ya ajiye. Manyan jirage suna ɗauke da na'urar naɗar bayanan tafiya, kwatankwacin baƙin akwatin jirgin sama, kuma yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta wajabta wa masu jirage tanadin kuɗin diyya idan ma'aikaci ya mutu ko ya naƙasa a bakin aiki.

Mataki na bakwai: takardu, diyya da bin sawun rahoto

Takardar shaidar mutuwa hukumar ƙidaya ta ƙasa ce ke bayarwa, kuma tana da wakilai a ƙananan hukumomi. Wanda ba a ga gawarsa ba, lamarinsa sai an je gaban alƙali. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011 tana ɗaukar mutum a matsayin mamaci idan ya shekara 7 ba a ji ɗuriyarsa ba, a mazhabar Malikiyya kuma asalin hukuncin matar wanda ya ɓace shi ne jiran shekara 4 daga ranar da ta kai ƙara, sannan ta yi takaba. Sai dai wanda shaidu suka ga ya shiga jirgin da ya nutse ba daidai yake da wanda ya yi tafiya ya ɓace ba, kuma alƙali zai duba hujjar da aka kawo masa. A nan ne jerin sunayen da malamin makaranta ya rubuta a bakin ruwa zai yi wa mata da marayu rana, wajen takaba da rabon gado.

Kuɗin jaje da gwamnati ko 'yan siyasa ke kawowa tallafi ne, ba diyya ba ne. A karɓa, amma duk takardar da aka ce a sa hannu a kanta a karanta, kada ta zama ta yafe haƙƙi. Shari'ar da ta shafi sufurin jiragen ruwa a teku da manyan hanyoyin ruwa na tarayya Babbar Kotun Tarayya ce ke saurare, kuma lauya ne zai tantance ko ƙarar ku can za ta ko kotun jiha. Kada a yi jinkiri: yarjejeniyar Atina ta 1974 kan fasinjojin teku wa'adin shekara 2 kawai ta bayar na shigar da ƙarar diyya.

Saura rahoton kansa. Bincike na iya ƙarewa a rufe ba tare da kowa ya amsa ba, kamar yadda ya faru bayan nutsewar jirgin Le Joola na Senegal a ranar 26 ga Satumba, 2002, inda mutum 1,863 suka mutu a jirgin da bai kamata ya ɗauki ko 600 ba, amma a 2003 hukumomin shari'ar ƙasar suka rufe fayil ɗin bayan ɗora alhakin a kan kyaftin ɗin da ya mutu tare da fasinjojinsa. Don kauce wa irin haka, iyalan mamata su zaɓi wakilai uku ko huɗu, su riƙa rubuta wa hukumar da ta yi binciken suna neman sakamako. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumar gwamnatin tarayya kwana 7 ta amsa buƙatar da aka kai mata a rubuce. Idan rahoton ya fito, a sa a fassara sashen shawarwari zuwa Hausa, a karanta a ƙofar fadar hakimi, a rubuta kowace shawara tare da sunan hukumar da aka ɗora wa aiwatar da ita, sannan a ba kansila da ɗan majalisar jiha kwafi kafin ruwan damina mai zuwa ya cika kogi.